JAWABI A TARON ƘUNGIYA: TSOFAFFIN BIRANEN HANYAR KURMI

 

An ba mu dama mu yi magana, to ga abin da ke ranmu. Kowace shekara, da an gama girbi, samarinmu na ɗaure kaya su nufi kurmi: Kwatano, Lome, Ankara, Kumasi. Su yi wata biyar ko shida, su komo da rediyo da turmin atamfa. Amma in ka tambaye su abin da suka gani, sai tasha da kasuwa. Alhali kuwa ƴaƴan Nasara na tasowa daga Faransa da Amurka, jaka goye a baya, suna kashe kuɗi don ganin garuruwan nan da mu muke ratsawa muna barci cikin mota. Kuma tarihin da suke zuwa nema, da namu a ciki.

Mu bi hanyar tare. Wanda ya ƙetare kogi a Gaya, ya wuce Paraku, kafin Kwatano zai bar Abome a damansa. Nan ne fadar sarakunan Dahome. Sarkinsu Behanzin ya yi yaƙi da Faransa a 1892, sai 1894 ya ba da kansa. Kayan sarauta 26 da sojan Faransa suka kwashe, sai a 2021 aka maido wa ƙasar Benin su.

Gaba, bakin teku, ga Wida, wadda Dahome ta ci da yaƙi a 1727. Daga tsakiyar gari zuwa gaɓa tafiyar wajen kilomita 4 ce. Ta nan aka riƙa kora bayi zuwa jirgi. A 1995 aka gina wata ƙofa a bakin ruwan don tunawa da waɗanda ba su komo ba. Dattawa, cikinsu akwai Hausawa. An kai su Bahiya, a ƙasar Burazil, kuma ba su kwanta ba: a 1807 aka tona shirinsu na tawaye, a 1835 kuma bayi Musulmi suka tashi a birnin Salbado, aka samu layu da rubutun Arabiyya a jikinsu.

A Gana, yamma da Ankara, akwai Kef Kwas da Elmina. Mutanen Fotugal suka gina ganuwar Elmina a 1482, Holan ta ƙwace ta a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A ƙasa ɗakunan duhu ne inda ake tsare mutane, a bisa kuwa gwamna ke shan iska. Wanda ya shiga ɗakunan nan sau ɗaya, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai Salaga, a ƙasar Gwanja, inda fatakenmu ke kai kanwa da tufafi da fatu, su ɗauko goro. Wata da watanni suke yi a hanya da jakuna, madugu na gaba. Mu faɗi gaskiya: ba goro kaɗai aka sayar a kasuwar Salaga ba, har da mutane, kuma da namu cikin masu saye da sayarwa. Yaƙin basasar 1892 ya watse garin, ƴan kasuwa suka bazu, zangunan Kumasi da Ankara suka ƙara cika. Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete Karaci a 1934.

Me ya sa muka damu? A lakkol yaranmu na iya faɗin kogin da ya ratsa Paris, amma Salaga ba su taɓa jin sunanta ba. Tsofaffin da aka koro daga Gana a 1969, zamanin Busiya, suna ta ƙarewa da labarinsu a baki. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu magana. Mu kuwa muna son wanda ya bar gida ya komo masa da sani.

Saboda haka muna roƙon abu uku.

Na ɗaya, duk mai tafiya ya ware kwana biyu don ɗaya daga garuruwan nan. Ba a bukatar dukiya: ƴar jaka, tabarma, buta. Ya sauka zango, ya fara da gaida sarkin zango. Ya riƙe takardunsa da katin allurar shawara. Sefa na ci a Benin da Togo, a Gana sai an canza zuwa sidi. Tun da an rufe gadar Gaya a 2023, ya tambayi halin iyaka da lafiyar hanya kafin ya tashi.

Na biyu, in ya komo ya shigo lakkol ya ba yara labari, mu za mu rubuta a kaye, mu ajiye.

Na uku, iyayenmu da suka yi zaman Gana su ba mu yammaci ɗaya ɗaya, mu zo da alƙalami.

Allah shi kai matafiya lafiya, shi maido su lafiya, shi ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.