Maga: Wa Ya Janye Sojoji?



A ƙasar Zuru, tun a nono ake shan biyayya ga shugaba. To, ina matsayin tambaya?

Ku tuna garin Maga na ƙasar Zuru. A Nuwamban 2025 'yan bindiga suka afka wa makarantar 'yan mata ta garin, suka kashe mataimakin shugabanta, suka kwashe ɗalibai 25. Gwamna Nasir Idris da bakinsa ya ce sojojin da ke gadi sun janye kafin harin, ya nemi sanin wanda ya ba da umarnin.

Gwamna ya tambaya. Uban da ya tarar da gadon 'yarsa wayam ya fi shi cancantar tambaya, kuma bai saɓa wa biyayya ba. Yaran sun dawo gida. Duk da haka, jama'ar Zuru su ci gaba da tambaya, a fada da gaban 'yan majalisarsu.