Jawabi Kan Wilin Alminiyam da Tafiyar Hunturu

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa fatake da direbobi, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. Allah ya maimaita mana.

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana kan abin da ke ɗauke da dukiyarmu, wato wilin mota. Yawancin tirelolin da muke saye na hannu ne daga Turai, ana sauke su a Duwala ko Kwatano. Wasu kan zo da wilin alminiyam mai ƙyalli, mai sayarwa kuma ya ƙara kuɗi a kansa.

Amfaninsa gaskiya ne. Mai inci 22.5 ya fi na ƙarfe sauƙi da fiye da kilo 10. A mota mai taya 18 wannan ya kusa buhu biyu, kuma mun san darajar buhu biyu a kan sikelin hanyar Kamaru. Yana kuma saurin fitar da zafin birki.

Amma a Turai idan ƙanƙara ta zuba, gishiri ake watsawa a titi. Gishirin nan yana shiga tsakanin wili da ƙarfen da ya zauna a kai, ya ci alminiyam ta ciki. Daga waje sumul, ciki kuwa ya zama kyan ɗan maciji. Don haka kada mu biya sai an kwance shi mun duba bayansa da bakin ramukan noti. Farin gari ko siririn tsagi, a bar musu kayansu.

Sai namu sanyin. Daga Disamba zuwa Fabrairu, dare a Injamena kan sauka wajen digiri 15, rana ta haura 30. Iskar taya tana raguwa da sanyi, tayar da ba ta cika ba kuwa ba ta kare wili idan aka faɗa rami. Wanda ya bi Kuseri zuwa Dabanga da Mora, ko ya nufi Gamboru ta Fotokol, ya san ramukan da muke nufi, ga hazo yana ɓoye su. Wilin ƙarfe idan ya lotsa, maƙeri kan buge shi ka lallaɓa zuwa gari. Na alminiyam tsagewa yake yi, kuma masu ƙera shi sun hana a yi masa walda, don wuta na kashe ƙarfinsa.

Roƙonmu huɗu ne. A auna iska da asuba kafin mota ta motsa. A share ƙura daga mazaunin wili kafin a ɗaura, domin ƙurar hunturu da ta maƙale ita ke sa noti ya saki daga baya. A sake ɗaure noti bayan kilomita 50 zuwa 100. A kuma tuna alminiyam ya fi ƙarfe kauri, yana bukatar dogon bol ko notinsa na musamman. Na wilin ƙarfe ba ya kamawa sosai.

Mai bin kwalta mai kyau, alminiyam zai biya shi. Mai shiga daji ko hanyar Faya, ƙarfe ya fi masa rufin asiri. Iyayen gida, ku ba direba lokacin dubawa kafin ya hau gadar Ngeli. Tayar da ta fice ba ta tambayar kayan wane ne.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa.