Jawabin Taron Iyaye da Ɗalibai a Sabo: Wa Zai Rubuta Labarinmu?



An ce in yi magana a kan wani fannin karatu na jami'a da Turawa ke kira Antirofoloji, wato nazarin ɗan'adam da al'adunsa. Na san da yawanmu in yaro ya ce wannan zai cika a takardar JAMB, sai uba ya ce, "To, in ka gama me za ka ci da shi?" Tambaya ce mai kyau, zan zo kanta.

Jama'a, an kafa Sabon nan tamu ta Ibadan a 1916. A 1962 wani malami mai suna Abner Cohen ya zo daga Ingila, ya yi fiye da shekara guda yana bincike a cikinmu. Ya bi masu gida da dillalai, ya ga yadda ake saukar da shanu, a ba mahauta bashi ba tare da takarda ba, sai amana. Ya ga yadda goro ke tafiya Arewa. A 1969 ya fitar da littafi, aka yi ta karantar da shi a jami'o'in duniya. To, mu nawa ne a zauren nan muka taɓa buɗe shi? In ya yi daidai ba mu sani ba, in ya yi kuskure ba mai gyara masa.

Haka Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, ta rubuta tarihin rayuwarta, littafin Baba ta Karo ya fito a 1954. Sun yi aiki, ba mu raina ba. Amma ai mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Karatun na shekara huɗu ne. Jami'ar Ibadan da ke kusa da mu tana da sashensa, haɗe da ilmin tono kayan tarihi. A Nsukka kuma an haɗa shi da nazarin zamantakewa. Ɗalibi zai koyi yadda al'ummu ke tsara aure, gado, sarauta da kasuwa, sannan a tura shi cikin mutane ya zauna, ya saurara, ya rubuta. Nan ɗanmu ya fi kowa sa'a, don ya tashi da Hausa a gida, Yarbanci a kasuwa, Turanci a makaranta.

Ga abin da ya fi damuna. Rikicin Shagamu na 1999 ya taso ne a kan bikin Oro, lokacin da aka hana mata fita da dare, aka yi asarar rayuka. A 2021 kasuwar Shasha ta ƙone. In irin wannan ta faru, muna bukatar namu da ya san al'adar maƙwabta ciki da bai, wanda zai zauna gaban hukuma ya yi bayani da hujja.

Batun abinci kuwa, ba zan ruɗe ku ba: ba likitanci ba ne, aiki ba ya jiran mutum a ƙofa. Amma akwai koyarwa, akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, akwai ƙungiyoyin lafiya masu neman wanda zai gane dalilin da ya sa uwa ke ƙin rigakafi. Wanda zai shiga, ya haɗa da sana'a ko sanin kwamfuta.

Ban ce kowa ya tura ɗansa ba. Amma in yaro ko yarinya ta nuna sha'awa, don Allah kada a kashe mata gwiwa. Dattawanmu da suka san farkon unguwar nan suna ƙarewa, ba wanda ke rubuta abin da ke bakinsu.

Allah ya ba mu zaman lafiya.