Jawabi a kan Mulkin Majalisa da Mulkin Shugaba, wanda aka yi a Jibiya

 

Ya ku malamai da almajirai, wani daga cikinku ya tambaye ni bayan karatu, ya ce: "Allah gafarta Malam, mun ji a shekara ta 2024 wakilai 60 a majalisar Abuja sun nemi a koma mulkin majalisa irin na zamanin Tafawa Ɓalewa. Shin wanne ya fi kawo wadata, shi ko mulkin shugaba?" Ni ban yi boko ba, amma mazaunin bakin iyaka yana kallon mulkin ƙasa biyu daga ƙofar gidansa.

Ku sani, a mulkin majalisa jama'a su zaɓi wakilai, wakilai su fitar da ɗayansu ya zama firaminista. Yana zaune a cikinsu, suna tambayarsa yana amsawa, ran da mafi yawansu suka janye yarda sai ya sauka. Haka Nijeriya ta yi daga 1960 zuwa 1966. A mulkin shugaba kuwa ƙasa duka ke zaɓen mutum guda, a ba shi shekara 4, ya ɗauko ministocinsa inda ya so. Ba a tsige shi sai da kashi biyu cikin uku na kowane zaure, kuma tun da aka soma wannan tsari da Shehu Shagari a 1979, majalisa ba ta taɓa tsige shugaban ƙasa ba.

To, ku dubi abin da ya same mu. A watan Agusta 2019 umarni ya fito daga fadar shugaba Buhari aka rufe iyaka, domin hana shigo da shinkafa. A watan Nuwamba aka hana kai fetur ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mu kuwa muna ciki. Kun ga yadda Magama ta yi tsit, 'yan dako da direbobi da masu abinci suka zauna, fataken Maraɗi suka daina zuwa. Aka buɗe waɗansu iyakoki a Disamba 2020, tamu ba a buɗe ba sai Afrilu 2022. Ba mu gama numfashi ba soja suka kifar da Bazum a Yuli 2023, aka sake rufewa har Maris 2024. Ban ce babu hujja ga rufewar ba, manoman shinkafa suna da tasu magana. Abin da nake nunawa shi ne hannu ɗaya ya isa ya kulle ƙofar abincin gari, ba a ƙidaya kawunan wakilai ba tukuna. Malamanmu, irin su Abdullahi ɗan Fodiyo cikin Liya'ul Hukkami, sun tsananta ga shugaba a kan shawara da ma'abota ilimi. A nan mulkin majalisa ya fi kusa da shawara. A Ingila a 2022 firaministarsu ta kawo tsarin kuɗi da ya girgiza kasuwa, 'yan jam'iyyarta suka juya mata baya, kwana 49 ta yi a kan mulki.

Amma kada ku yi gaggawa. Firaministan da ke da rinjaye mai yawa, wakilansa kuma masu jiran kyauta ne, shi ma zai rufe iyaka ya kwana lafiya. Kuma wakilai suna iya faɗa har mulki ya tsaya. A Ibadan a 1962 da kujeru aka yi jifa cikin majalisa a rikicin Awolowo da Akintola. Mulkin shugaba ma bai tsira daga wannan ba: lokacin da muke cikin jihar Kaduna, majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa, ta tsige shi a 1981.

Maƙwabtanmu na Nijar suka ce bari su haɗa biyun: shugaba zaɓaɓɓe, da firaminista daga masu rinjaye a majalisa. A 1993 Mahamman Usman ya zama shugaba. A zaɓen Janairu 1995 abokan hamayyarsa suka rinjayi majalisa, Hama Amadu ya zama firaminista. Sai ga limami biyu a masallaci guda, wannan ya kabbara, wancan ya ƙi bi. Suka yi jayayya har a kan kiran taron ministoci. Ran 27 ga Janairu 1996 Ba'are Mainasara ya kawar da su duka.

Saura maganar da dattawa suka fi kawowa, cewa a zamanin mulkin majalisa aka ga dalar gyaɗa a Kano, aka gina jami'ar Zariya a 1962. Gaskiya ne, sai dai ina ganin sun ɗora sababi inda ba nan yake ba. A wancan zamani baitulmalin Arewa daga gyaɗa da auduga da fatu yake cika, da haraji da jangali. Kuɗin fiton amfanin gona yana komawa jihar da ta noma shi. Saboda haka idan manomi ya talauce, Sardauna ma ya talauce, dole ya kula da iri da hanya da awo. Ba na wanke wancan zamani, don hukumar sayen gyaɗa tana biyan manomi ƙasa da abin da take sayarwa a waje, masu karɓar haraji kuma sun zalunci talakawa, har aka yi murna da soke shi a Kano da Kaduna a 1979. Amma da man fetur ya rinjayi noma, arziki ya koma fitowa daga rijiya guda, a raba a Abuja kowane wata. Mai mulki ya wadatu daga talaka. Ko kasuwar Jibiya ta ci ko ba ta ci ba, kasonsa yana zuwa. Wannan ciwo ba ya tambayar sunan mai mulki, firaminista ne ko shugaba. Ga Ingila da mulkin majalisa, ga Amurka da mulkin shugaba, duka biyu sun wadata, kuma duka biyu daga harajin mutanensu hukuma ke ci.

Idan an tilasta mini zaɓi, na karkata ga mulkin majalisa, saboda sauƙin tambaya da sauƙin tsigewa, da kuma ƙarancin kuɗin neman zaɓe: mai neman ƙuri'ar mazaɓa guda bai kai mai zagaya jiha 36 bashi ba, bashin nan kuwa daga baitulmali ake biyansa. Karkata ce, ba fatawa ba, domin mas'ala ce ta maslaha.

Abin da nake roƙon ƙungiyarmu: idan mai neman wakilcin Jibiya da Kaita ya zo gaisuwa, a karɓe shi a zaure, a tambaye shi abin da ya faɗa ko ya yi tsakanin 2019 da 2022 lokacin da iyaka take rufe, almajiri guda ya rubuta amsarsa a ajiye.

Allah ne mafi sani.