Zaɓen Wayar Lantarki Mai Sulke Domin Aikin Fili: Abin Lura Ga Masu Wayarin Da Manoman Rani A Ikara, Maƙarfi Da Kudan

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na masu aikin wayarin, manoman rani da 'yan kasuwar kayan wuta

 

Tsakure

Takardar nan ta duba yadda ake zaɓen wayar lantarki da za ta zauna a fili, a gona ko kasuwa ko bakin rijiyar burtsatse. Matsayarta ita ce, wurin da waya za ta kwanta da irin motsin da za ta riƙa yi su ne ke yanke hukuncin wadda za a saya. Sulke yana da amfani, amma ba kowane aikin fili ne yake bukatarsa ba, kuma ba kowane sulke ne yake jure rana da ruwa ba.

Gabatarwa

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, manoman rani da dama suka fara ajiye injin ban ruwa mai shan fetur suna komawa famfon sola. Ana ganin haka a fadamun Kudan da Hunkuyi, da gonakin rake na Maƙarfi, da lambunan tumatir na Ikara. Masallatai da makarantu da ƙananan asibitoci su ma sun ɗora allunan sola a kan rufi. Sakamakon haka, waya ta fito daga cikin bango ta koma fili. Matsalar ita ce, wayar da aka fi samu a shagunan Sabon Garin Zariya, mai riga ɗaya ta roba, an yi ta ne domin ta zauna cikin bututu a jikin gini, inda babu rana, babu ruwa, babu kofaton saniya.

Abubuwan da ke kashe waya a fili

Na farko hasken rana ne. Yana busar da robar PVC ta gama-gari har ta yi tauri ta tsattsage. Shi ya sa ake yin rigar wayar fili baƙa, domin baƙin sinadarin da ake gaurayawa a cikinta yana tare hasken.

Na biyu zafi. Jadawalin da kamfanoni ke bugawa na yawan wutar da waya ke iya ɗauka, an gina shi ne a kan zafin iska na digiri 30. A watannin Maris da Afrilu zafinmu yakan doshi 40. A wannan matakin, waya mai rufin PVC takan rasa kashi 13 cikin 100 na abin da take iya ɗauka, mai rufin XLPE kuma ta rasa kashi 9. Dalili shi ne PVC iyakarta digiri 70, XLPE kuwa tana kai wa 90. Wayar da aka kwantar a kan kwanon rufi da tsakar rana ta fi haka shan wuya.

Na uku ruwan damina, wanda ba ya ratsa lafiyayyar riga, sai dai ya bi ta mahaɗa da bakin akwati. Na huɗu haƙori da ƙarfe: ɓera, gafiya, fartanya, garmar shanu, tayar kura da ta motar ɗaukar rake. Wannan na huɗun shi kaɗai ne aikin sulke. Na biyar kuwa, wato wutar da ake cinna wa ciyawa da busasshen ganyen rake bayan girbi, babu sulken da ke maganinta, sai dai a binne wayar.

Sulke da laushi

Mai saye yakan ce a ba shi waya mai sulke kuma mai laushi. Waɗannan siffofi biyu suna ja-in-ja da juna: duk ƙarfen da aka ƙara wa waya yana rage mata lanƙwasuwa. Don haka tambayar farko ita ce, wayar za ta zauna wuri ɗaya ne, ko za a riƙa ja ana naɗewa?

Idan zama za ta yi, kamar daga mita zuwa ɗakin injin niƙa, ko daga infata zuwa bakin rijiya, to amod, wato waya mai sulken ƙarfe, ita ce amsa. A cikinta akwai jan ƙarfe mai rufin XLPE, sai shimfiɗar roba, sai zaren baƙin ƙarfe da aka nannaɗe kewaye, sannan baƙar riga a waje. Za a ga an buga 600/1000 V a jikinta, galibi tare da lambar ma'auni BS 5467 ko IEC 60502. Ba a karya ta a kusurwa. Ƙa'ida ita ce kada zagayen lanƙwasar ya gaza ninki shida na kaurinta, manya kuma ninki takwas. Wani abin lura shi ne, waya mai ƙwaya ɗaya da za ta ɗauki wutar NEPA ko ta janareta ba a yi mata sulken baƙin ƙarfe, domin maganaɗisun wutar zai riƙa ɗumama shi. Irin wannan sulkenta na alminiyam ne.

Akwai wata mai laushi da ake kira SY, mai rigar roba garai-garai da ake hango saƙar ƙarfe ta ciki. Ganin saƙar yakan sa a ɗauka ta dace da fili, alhali kallon kitse ake yi wa rogo. An yi ta ne domin haɗa injuna a cikin masana'anta. Rana tana cin farar rigarta, ruwa ya shiga, saƙar ta yi tsatsa. Haka ita ma mai murɗaɗɗen sulke irin ta Amurka, wadda kan shigo cikin kayan gwanjo: mara rigar roba a waje ta busasshen wuri ce kawai.

Inda injin yake girgiza, kamar janareta ko injin markaɗe, a tsayar da amod a cikin akwati kusa da shi, sannan a ƙarasa ɗan tsakanin da waya mai laushi a cikin bututun ƙarfe mai lanƙwasuwa, mai rigar roba da ke hana ruwa shiga. Ta haka an sami kariya da laushi duka biyu, kowanne a inda ya dace.

Idan kuwa wayar yawo za ta riƙa yi, kamar ta mai walda ko ta famfon da ake ɗauka daga wannan fangali zuwa wancan, sulke cutarwa zai yi, domin zarensa zai karye ya soki rufin ciki. Abin da ya dace shi ne waya mai kaurin rigar danƙo, mai lamba H07RN-F. Tsakanin allunan sola kuma akwai tasu ta musamman, mai lamba H1Z2Z2-K, wadda ke jure rana da ƙarfin wuta har bolt 1,500. Wadda ke sauka cikin burtsatse ita ma daban take, kuma mahaɗarta ba ta salatef ba ce, ta ƙaron da ake zubawa ya daskare ce. Tunda waɗannan ba su da sulke, dole a sa wa masu ɗaukar wutar NEPA ko janareta makatsar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum.

Kauri da nisa

Nan ne aka fi yin asara. Mu ɗauki famfo mai doki biyu, wanda ke jan kimanin amfiya 10 a kan bolt 230, a nisan mita 100 daga tushen wuta. Wayar jan ƙarfe mai lambar kauri 2.5 za ta ɗauki amfiya 10 ba tare da ta yi zafi ba, shi ya sa ake cewa ta isa. Amma a wannan nisan za ta zubar da kusan bolt 18 a hanya, wato kashi 8 cikin 100. Abin da aka yarda da shi ga injuna bai wuce kashi 5 ba, wato bolt 11 da rabi. Mai lamba 4 za ta zubar da 11, tana bakin iyaka. Mai lamba 6 za ta zubar da 7 da ɗoriya. Idan aka tuna cewa wutar da ke isa ƙauyukanmu sau da yawa ba ta cika 230 ba tun daga taransfoma, kuma famfo yana jan ninkin wuta a lokacin tashi, za a gane abin da ya sa koyil ke ƙonewa. Mai gona ya zargi famfo, alhali laifin na siririyar waya ne. Wanda zai yi amfani da alminiyam ya sani cewa sauƙin da wuta ke bi ta cikinsa kusan kashi 61 ne cikin 100 na jan ƙarfe, saboda haka sai ya ƙara kauri.

Gane jabu

Akwai wayar alminiyam da aka yi wa fenti da jan ƙarfe a waje. A kankare zare ɗaya da wuƙa: idan cikin fari ne, alminiyam ce. A kara mata ashana: zaren alminiyam zai lanƙwashe ya zube, na jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya. Akwai kuma wadda aka rubuta 6 a jikinta amma cikinta bai kai ba, wannan ma'aunin kauri ne ke tona ta. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON tana ba kayan gida shaidar MANCAP, na waje kuma SONCAP. Muna da kamfanonin waya a ƙasar nan, irin su NOCACO a Kaduna da Cutix a Nnewi da Coleman. Sai dai buga suna a jikin roba ba wuya gare shi ba, don haka a saya wurin dila sananne, a karɓi rasit.

Shimfiɗawa

Sulken da ba a haɗa shi da atin ba, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, tarko ne. Idan fartanya ta huda amod, sulken ne zai kwashi wutar ya kai ta ƙasa, makatsa ta faɗi. Idan an bar shi a sake, shi kansa zai ɗauki wuta ya jira mai taɓawa. Saboda haka kowane baki a ɗaure shi da gilan na tagulla irin na waje, mai lamba CW, domin BW na cikin ɗaki ne. Waya ta shiga akwati ta ƙasa, kada ruwa ya bi ta ya sauka ciki. Rami ya kai santimita 60, a ƙara zurfi inda garma ke bi, a zuba rairayi sama da ƙasa, a shimfiɗa ledar gargaɗi kafin a cike. Binnewa tana kuma ɓoye waya daga idon ɓarayin jan ƙarfe. Kafin a ba da wuta, a gwada rufin da na'urar gwaji ta mega.

Shawarwari

Masu wayarin su auna nisa su yi lissafi kafin su faɗi farashi, kuma su nemi shaidar ƙwarewa ta hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa alhakin duba ayyukan lantarki. Manoma su tambayi lambar wayar da za a sa musu, su gan ta a rubuce a jikinta. 'Yan kasuwa su tambayi mai saye inda zai kai wayar kafin su yanka. Ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan su rubuta nau'in waya da kaurinta da zurfin rami a cikin takardar kowace kwangilar burtsatse ko fitilun titi, kada a biya kuɗin ƙarshe sai an gwada aikin.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwana masu sana'a, mai gona bai san bambancin lamba 2.5 da lamba 6 ba, mu ya ba amana. Idan kuɗinsa bai kai na wayar da ta dace ba, a gaya masa gaskiya, a matso da tushen wuta kusa ko a jinkirta aikin. Kada a shimfiɗa wayar ɗaki a inda yara da dabbobi ke takawa. Allah Ya tsare mu, Ya sa albarka a sana'o'inmu.