Kora Ba Ta Jin Shafa: Jawabin Ma'aikaciyar Lafiya a Ranar Bikin Ƙungiya



Hajiya Shugaba, iyayenmu da ke zaune a sahun gaba, 'yan uwana 'yan ƙungiya, da mazajenmu da suka rako mu suna can gindin darbejiya suna saurare, sannunku da zuwa. Allah Ya maimaita mana wannan rana.

Ma'aji ta gama karanta mana lissafin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ribar ragunan Sallah, kowa ta yi murmushi. To ni nawa lissafin daban ne. Aikin asibiti ya saba wa idona da kallon abin da ba a sa ni ba. Tun da na shigo filin nan nake duban kawunan yaran da ke zagaya mu, kuma kafin in zauna yatsun hannuna ɗaya sun ƙare wajen ƙirga masu kora. Kada kowa ta juya neman ɗan wa nake nufi. Har da jikana a ciki.

Mun saba da kora har mun daina ganinta a matsayin ciwo. Mu ce ai ta yara ce, in ya girma za ta tafi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin idan yaro ya balaga maiƙon da fatar kansa ke fitarwa yakan hana ta zama. Amma daga shekara huɗu zuwa balaga tafiya ce mai nisa, kuma a tsakani ne ake yin ɓarnar.

Bari in fara da abin da ke kawo ta. Ba tsutsa ba ce, ba maiƙo ko zaƙi ba ne, ba kuma baki aka yi wa yaro ba. Kun san fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu a damina? To danginta ce, sai dai ita wannan abincinta fatar mutum ta sama da gashi da farce. Idan ta kama jiki sai ta yi zobe, bakinsa ya ɗan taso yana ƙaiƙayi, tsakiya ta yi kamar ta warke. Shi muke kira makero. Idan ta kama kai sai gashi ya kakkarye, wurin ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Ita ce kora. Ciwo ɗaya ne, amma maganinsu ba hanya ɗaya ba, kuma a nan ne yawancinmu muke asarar kuɗi.

Makero na jiki yana jin shafa. Man clotrimazole ko miconazole, safe da dare, a wuce bakin zoben da kamar faɗin yatsa, mako 2 zuwa 4. Ko ya ɓace a ido a ƙara mako guda. Na roƙi Sakatariya ta rubuta sunayen nan a mujallarmu yadda suke a jikin kwali, don ki nuna wa mai kemis.

Kora kuwa ba ta jin shafa. Ku riƙe wannan ko da kun manta sauran. Ƙwayar tana shiga cikin silin gashi, ta bi shi har saiwarsa a ƙarƙashin fata, inda man shafawa ba ya kaiwa. Kamar ƙiri-ƙiri ce a gona: ki yanke ta sama, saiwar na nan, ruwa ɗaya ta dawo. Dole sai maganin sha, wanda jini zai kai shi saiwar, sabon gashi ya tsiro da kariya a cikinsa. Gashi kuma ba ya sauri. Shi ya sa maganin da aka fi bayarwa, griseofulvin, ake shansa kullum har mako 6 zuwa 8, wani lokaci fiye. Akwai wani, terbinafine, da ake sha kamar mako 4. Ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa, kuma da nauyin yaro ake auna yawansa. Saboda haka ki kawo yaron a ɗora shi a sikeli, kada ki aiki yayansa kemis da "a ba ni na kora".

Ga wani abu da ya shafi sana'armu kai tsaye. Griseofulvin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. In aka sha shi da ruwa a cikin yunwa, da yawansa wucewa yake yi. A ba yaro bayan ya ci ɗanwake da man gyaɗa, ko ƙuli-ƙuli, ko fura da nono, ko tuwon da aka sa wa man shanu. Mu da muke matse gyaɗa da hannunmu ba mu da uzuri a nan. Sai dai mai juna biyu ba ta shansa, kuma yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, don haka babbar mace ta faɗi halin da take ciki kafin a rubuta mata.

Maganin nan ba sabo ba ne. A Ingila aka gano shi a 1939, aka fara ba mutane a 1958. Kafin nan likitocin Turai da Amurka da hasken eksire suke zubar da gashin yara masu kora, daga baya wasunsu suka kamu da ciwon daji. Na faɗi haka ne don ku san ba mu kaɗai muka taɓa yi wa kan yaro ɗanyen aiki da niyyar alheri ba.

Namu ɗanyen aikin kun san shi. Man birki. Ruwan batir. Kananzir. A kankare wurin da reza har ya yi jini a goga tafarnuwa ko toka. Wata uwa, ba 'yar garin nan ba, ta taɓa kawo min 'yarta mai shekara bakwai. Korar ta kumbura ta yi tudu kamar gurasa, tana tsatsafo da ruwa, kaluluwa ta fito a wuya. Sun ɗauka maruru ne, aka kai wa wanzami ya tsaga, aka bi da man birki. Irin wannan kumburin ba maruru ba ne, jiki ne ke faɗa da ƙwayar, kuma maganin sha ne ke kwantar da shi, ba aska ba. Yarinyar ta warke, amma wurin ya zama tabo sumul, faɗin tafin hannunta. Saiwar gashin ta mutu, babu abin da zai sake tsirowa. Uwar ta tambaye ni, "Malama, ranar kitson bikinta ya za mu yi?" Wallahi ban sami abin ce mata ba.

Sai man nan na kemis da ake ce wa mai aiki uku, wanda wasunmu ke shafawa har don hasken fata. Ki juya kwalin. In kin ga betamethasone ko clobetasol, ki ajiye shi. Suna kashe ƙaiƙayi da ja cikin kwana biyu, ki ce kin dace. Alhali masu gadin fatar suka kwantar, ƙwayar tana ta yaɗuwa a ɓoye. Ranar da kika daina, zoben da ya kai kwabo ya dawo kamar faifai. A Indiya irin wannan shafe-shafen ya taimaka wajen yaɗuwar wani nau'in makero mai taurin kai da ba ya jin terbinafine, har an ba da rahoton samunsa a Amurka a 2023. Kowane magani za ki saya, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

Ta ina take shigowa gida? Mu nan, daga Ɗambatta zuwa Bichi, daga Makoɗa zuwa Minjibir, gida na jikin gida, gona na jikin gona. Yara biyar tabarma ɗaya, matashi ɗaya. Hular yaya ita ce ta ƙane. Mai aski ya yi wa yara goma ranar jajibirin Sallah da kilifa ɗaya bai goge ba. Mai kitso, kuma muna da su a ƙungiyar nan, kibiya ɗaya da mataji ɗaya tun safe har la'asar. Ƙwayar tana iya yin watanni a jikin mataji tana jira. Ban ce kowa ta daina sana'a ba. A cire gashin da ya maƙale, a wanke da sabulu, a jiƙa a ruwan Hypo ko Jik da aka sirka kamar minti goma. Wadda ta iya, ta riƙa zuwa kitso da nata matajin. Ɗankwali da hula da rigar matashi a wanke, a shanya a rana sosai. Rana kam Allah Ya hore mana.

Kada mu manta da turke. Ɗan maraƙin da kika ga da'ira fari-fari babu gashi a gefen idonsa ko wuyansa, ita ce, kuma irin ta shanu ta fi saurin kumbura kan yaro. Tumaki da kyanwa ma suna ɗauka. In za a sayo dabbar kiwo a kasuwar Ɗambatta a duba fatarta, in kuma ta fito bayan an kawo ta, a ware ta, a kira malamin dabbobi, a hana yara rungumarta.

Idan yaro ɗaya ya kamu, a duba kan kowa a ɗakin, har almajirin da ke mana aike yana cin abinci da 'ya'yanmu. Shi ma ɗan wata ne, kuma in ba a yi masa magani ba, ta nan za ta dawo. Sabulun wanke kai na ketoconazole sau biyu a mako yana rage yaɗuwa, amma ba ya maye gurbin na sha. Wanda ya fara shan magani ya ci gaba da zuwa makarantarsa, ba sai an tsare shi a gida ba.

Abu biyu a gurguje, na manya. Makeron da ke yawan dawowa a matse-matsi ko ƙarƙashin mama, musamman a bazara, a je a auna suga. Tabon da ya yi haske a fata, ba ya ƙaiƙayi, kuma in an taɓa ba kya ji, wannan ba makero ba ne sai an tabbatar. Yana iya zama farkon kuturta. Ana warkewa, maganin kyauta ne, kuma asibitin Yadakunya yana nan Ungogo kusa da mu.

Yanzu roƙona ga Hajiya Shugaba. Na lura ba rashin sani ne kaɗai ke kayar da mu ba. Uwa takan sayi maganin kwana goma, abin da kuɗin hannunta ya kai ke nan. Wurin ya fara kyau, kuɗi ya ƙare, a tsaya. Bayan wata guda korar ta dawo, ta ce maganin asibiti ba ya aiki. Ta yi asarar na farko, ga kuma na biyu a gabanta. Ina roƙon a ware wani abu kaɗan daga ribar bana, a ba 'yar ƙungiya rance ta sayi maganin gaba ɗaya rana guda, ta biya a hankali tare da zubin adashi. Nawa za a ware, wannan na ku ne ku tattauna a taron wata mai zuwa, ni dai na sa hannu a kan ni ce zan riƙa auna yaran ina rubuta ranar farawa da ranar gamawa.

Bayan an ci abinci ina nan bayan ajin can da sikelina. A turo min su ɗaya bayan ɗaya, a cire musu hula da ɗankwali. Jikana ne zai fara shiga layi.