DAƁEN ƊAKI: A DUBA ƘASA KAFIN A DUBA ADO

 



An ba mu dama mu yi magana a kan abin da mutane da yawa ke rainawa, wato daɓen ɗaki. Mu ba injiniyoyi ba ne, 'yan kasuwa ne. Amma mun yi gini, mun yi asara, kuma ba ma son wani ya maimaita ta.

Yawancinmu zuwa muka yi, wani daga Kano, wani daga Katsina, wani daga Zariya. Muka sayi fili a nan bakin hanyar Gombe, muka fara gini da kaɗan-kaɗan. To, mai saye da rani bai san halin filinsa ba. Damina a Bauci takan kama daga wajen watan Mayu har zuwa Oktoba, kuma a Agusta ruwa ya fi ƙarfi. A lokacin ne ƙasa ke ƙoshi, danshi ya biyo ta ƙarƙashin ɗaki ya hau.

Mu da kanmu abin ya same mu. Mun yi ɗakin ajiya wanda ya ɗan zurma ƙasa da tsakar gida, muka yi masa siminti shafal-shafal, muka shimfiɗa kafet, muka jera dilolin atamfa. Da aka ɗaga dilan ƙasa bayan damina, sai wari da fumfuna, gara kuma ta shiga ta inda simintin ya tsage. Laifinmu ne, don mun yi gaggawa. A Amurka da Ingila, inda ake gina ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa, danshi ne abin da suke fara yaƙa kafin su shimfiɗa komai. Ɗakin da ya yi ƙasa da hanya ko da tsakar gida, hukuncinsa ke nan ko a Inkil.

Saboda haka aiki daga ƙasa yake farawa. Na farko, a ɗaga ginin ya fi hanya tudu. Na biyu, a yi ciko da jar ƙasa, ana zubawa kaɗan-kaɗan ana yayyafa ruwa ana dannewa. Kada a cika da shara ko baƙar ƙasar gona, don za ta zauna daga baya, daɓe ya fashe. Na uku, a shimfiɗa leda mai kauri, bakin wata ya hau kan wata, sannan a zuba kankare, abin da magina ke kira jaman fulo. Ledar nan ita ce ke tare danshi, kuma kuɗinta bai kai komai ba in aka gwada da kuɗin gyara.

Wajen kwaɓi, awon da aka sani shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, kaurinsa kamar inci 4. Buhun siminti kilo 50 ne, ko na Ashaka ne, wanda masana'antarsa ta fara aiki a 1979, ko Dangote, ko BUA. A tsaya a kan aiki a ga an zuba shi. Bayan haka a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, domin siminti da ruwa yake yin ƙarfi, ba da rana ba, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi.

To, me za a sa a kai?

Akwai daɓen iyayenmu. Mata kan taru da madaɓi, a daɓe tsakuwa da ƙasa, a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa. Yana da sanyi da bazara, kuma ba ya cin kuɗi. Sai dai yana son gyara, gara ma takan ratsa shi.

Akwai siminti zalla, a goge shi ya yi sumul. Ga mai ƙaramin ƙarfi, ga shago da ɗakin ajiya, ba mu ga kamarsa ba. Babu abin kunya a ciki.

Akwai ledar ɗaki. Tana da araha da sauƙin gogewa, amma in akwai danshi sai ta rufe shi, ƙarƙashinta ya yi gumi ya yi wari. Kafet kuwa ya fi ta matsala a irin wannan ɗaki: yana shan ruwa, yana tara ƙurar hunturu, mai asma kan sha wuya. Ga kuma maganar tsarki. Gidan da ke da ƙananan yara, in fitsari ya zuba a kafet ɗin da aka manne, wanke shi aiki ne, alhali a nan ake shimfiɗa dadduma a yi salla.

Akwai tarazo, wanda muke gani a tsoffin makarantu da asibitoci, yana daɗewa ƙwarai, amma sai da injin gogewa da gwani. Sai tayil, wanda ruwa ba ya lalata shi. Nan ma a yi hattara. Mai sheƙin nan yana da santsi. Tsoho ya fito daga alwala da jiƙaƙƙiyar ƙafa, in ya zame ƙugu ne ke karyewa. A banɗaki da baranda da ɗakin tsofaffi a sa mai kaushi. Da sanyin Disamba da Janairu kuma a shimfiɗa tabarma ko ƙaramin kafet da za a iya ɗagawa a shanya.

Ga lissafi. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 ya ɗan haura murabba'in mita 13. Tayil mai santimita 60 da 60, kwali mai guda 4 yana rufe mita 1.44. Ke nan kwali 10, a ƙara 1 saboda yanka da fashewa. A saya gaba ɗaya, don in an koma kasuwa daga baya ba lalle a sami launi iri ɗaya ba.

Wanda ya riga ya gina kuma, ga gwaji mai sauƙi. Da damina ya manna ƙyallen leda a kan simintin, ya liƙe gefunanta, ya bar ta kwana 2. In ya ɗaga ya ga gumi ko wurin ya yi duhu, to kada ya sa kafet ko ledar ɗaki. Ya fara gyara magudanar ruwa a bayan ɗakin, ya ɗora kayansa a kan katako.

Shawararmu ga shugabanni ita ce, duk ɗan ƙungiya da zai zuba daɓe, a haɗa shi da wanda ya taɓa yi su je su duba tare. Kuɗin gini da guminmu muke tara shi, kuma a ɗakunan nan 'ya'yanmu za su kwana.

Allah Ya sa albarka a gidajenmu, Ya hore wa wanda bai gina ba, Ya zaunar da Inkil da Jihar Bauci lafiya. Inda muka yi kuskure a gafarce mu.